Kamfaninsa ne, amma ma'aikacin ba nasa ba ne

Tun da aka sasanta rikicin matatar man Dangote da ƙungiyar manyan ma'aikatan man fetur da iskar gas, PENGASSAN, a farkon Oktoban 2025, akwai wata magana da ta ƙi barin kunnena. A Facebook ita ce, a teburin mai shayi ita ce, har a bakin mutanen da nake yi wa kallon sun sha boko sun ƙoshi: "Ai kamfaninsa ne. Da kuɗinsa ya gina. In ya ce ba ya son ƙungiya, wanda bai yarda ba ga hanya nan." Da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya tsaya a taron tattalin arziki a Abuja ya ce Najeriya ta fi PENGASSAN girma, sai tafi ya ƙaru, kamar an kashe bakin zance. To, ai ba wanda ya musa cewa Najeriya ta fi PENGASSAN. Sai dai ta fi kowane attajiri ma, kuma tana da doka, dokar kuwa ba ta faɗi abin da masu tafin suke faɗa ba.

Duk mun bi labarin. An fara da NUPENG, ƙungiyar ƙananan ma'aikatan man fetur da iskar gas, a kan 'yancin shiga ƙungiya na direbobin sabbin motocin dakon mai masu amfani da iskar gas, sannan PENGASSAN ta fito ta ce an sallami ma'aikata wajen 800 bayan sun shiga cikinta. Hukumar matatar ta ce garambawul ta yi saboda ana yi mata zagon ƙasa. Ni ba alƙali ba ne, ban kuma ga takardun kowa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, ko sau ɗaya hukumar matatar ba ta fito ta ce "mun kore su ne don sun shiga ƙungiya, kuma muna da ikon yin haka" ba. Ba za ta faɗa ba, domin tana da lauyoyi. Magoya baya ne suka ari bakinta suka ci mata albasa, suna kare wani 'yancin da shi mai kamfanin ma bai ce yana da shi ba. A takardar sulhun da aka fitar kuwa, an amince cewa shiga ƙungiya haƙƙin ma'aikaci ne, kuma za a mayar da waɗanda aka sallama wasu kamfanonin rukunin ba tare da rage musu albashi ba.

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙungiyar ƙwadago da sunanta cikin abubuwan da kowane mutum yake da 'yancin kafawa ko shiga. Sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago ya haramta a gindaya wa mai neman aiki sharaɗin cewa sai ya shiga ƙungiya ko kada ya shiga, ya kuma haramta korar ma'aikaci saboda yana cikinta. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta wajabta wa mai kamfani ya amince da ƙungiya mai rajista idan ma'aikatansa mambobinta ne. Yarjejeniyoyi biyu na hukumar ƙwadago ta duniya, ILO, mai lamba 87 da mai lamba 98, Najeriya ta rattaba musu hannu tun a watan Oktoban 1960, wato kafin ƙurar bikin 'yancin kai ta gama kwantawa. Babu inda aka ce ban da kamfanin da mutum ya gina da kuɗinsa. Ai dama saboda irin waɗannan kamfanonin aka yi dokar.

Masu tafi za su ce, shi ke nan an ɗaure mai kamfani hannu da ƙafa, ya zuba ido ana shigo masa gida? A'a. Nan ne ma abin yake ba ni haushi, domin hanyar da doka ta bar wa mai kamfani tana da faɗi ƙwarai, manajojinmu ne ba su da haƙurin bin ta.

Mu leƙa Amurka, ƙasar da 'yan jari-hujja suka fi ko'ina ƙwarewa wajen yaƙar ƙungiya. Dokarsu ta 1935 ta ba ma'aikata 'yancin haɗa kai, gyaran da aka yi mata a 1947 kuma ya ba mai kamfani 'yancin faɗin ra'ayinsa, muddin babu barazana a ciki, babu alkawarin wata moriya. Daga nan lauyoyinsu suka fitar da abubuwa huɗu da ake haddace wa kowane manaja da zarar an ji ƙishin-ƙishin ƙungiya: kada ka yi wa ma'aikaci barazana, kada ka titsiye shi da tambayar inda ya karkata, kada ka yi masa alkawarin ƙarin albashi ko girma don ya juya baya, kada ka sa ido ko ka aika ɗan leƙen asiri taronsu. Ban da waɗannan, bakinka a buɗe yake. Kana iya gaya wa ma'aikata nawa ƙungiya za ta riƙa cirewa daga albashinsu. Kana iya tuna musu cewa zama a teburin ciniki ba ya nufin lallai albashi zai ƙaru. Kana iya cewa ƙiri-ƙiri kai ba ka son ƙungiya, ga dalilanka.

Kamfanin Amazon ya bi wannan hanya har ƙarshenta, wasu na cewa har ya gota. A rumbunsa na Bessemer da ke jihar Alabama, a 2021, sai da ya manna takardun kira har a banɗaki, ya riƙa aika wa ma'aikata saƙonnin waya, ya riƙa tara su ana yi musu lacca. Aka kaɗa ƙuri'a, 1,798 suka ƙi ƙungiya, 738 suka so. Amma hukumar da ke sa ido kan dangantakar ƙwadago, NLRB, ta soke zaɓen ta ce a sake. A kan me? Musamman a kan akwatin gidan waya da kamfanin ya sa aka kafa a bakin ƙofar rumbun, inda kyamarorinsa ke iya hangen mai zuwa jefa ƙuri'a. Shekara ta zagayo, a Staten Island ta birnin New York, ma'aikata suka kayar da kamfanin da ƙuri'a 2,654 a kan 2,131. A 2022 kaɗai, bisa takardun da shi da kansa ya miƙa wa ma'aikatar ƙwadagon ƙasar, Amazon ya kashe sama da dala miliyan 14 wajen biyan ƙwararrun da sana'arsu ita ce rarrashin ma'aikata su guji ƙungiya. A watan Nuwamban 2024 kuma hukumar NLRB ta yanke cewa tilasta wa ma'aikata halartar irin waccan laccar ya saɓa wa doka, abin da aka halatta tun 1948. Mai kamfani yana iya kiran taro, amma wanda ya ga dama ya zo, kuma ba a rubuta sunan wanda ya ƙi.

Ban kawo Amazon don in wanke shi ba, ƙorafe-ƙorafen da ke kansa a gaban hukumar suna da yawa. Na kawo shi ne don mai tafi ya tambayi kansa: me ya sa ɗaya daga cikin kamfanoni mafiya ƙarfi a duniya zai zubar da dala miliyan 14 wajen lallashin masu ɗaukar kwali, in da cewa "kamfanina ne" ta isa? Ya kashe kuɗin ne domin ya san cewa zaɓin ba a hannunsa yake ba. Akwai ma waɗanda suka ga wahalar ba ta da amfani: a 2022 Microsoft ya sa hannu da ƙungiyar ma'aikatan sadarwa cewa zai tsaya 'yan ba-ruwanmu, ma'aikata su yanke wa kansu. Har yau Microsoft bai rushe ba.

A gida ma mai kamfani ba maraya ba ne. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyi a 2005, zamanin Obasanjo, ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa, ba a kuma muzguna wa wanda ya ƙi. Saboda haka manajan da ya yarda da kansa yana iya tara ma'aikatansa ya ce ga abin da muke biya, ga asibitin da muke kai ku, ga abin da ƙungiya za ta cira, ku auna. Idan yana ganin ƙungiyar da ta zo ba hurumin masana'antarsa ba ne, ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta. Ita kanta matatar can ta garzaya a ƙarshen Satumba ta samo umarnin dakatar da yajin aikin, wannan kuwa hanya ce ta halal. Idan kamfanin yana cikin yankin ciniki maras shinge, kamar na Lekki, dokar 1992 ta hana yajin aiki har tsawon shekara 10 daga fara aiki. Ku lura, yajin aiki ta hana, ba ta hana mutum riƙe katin ƙungiya ba. Idan kuwa da gaske akwai mai zagon ƙasa, a ba shi takardar neman ba'asi, a zaunar da kwamiti, a baje hujja, a miƙa shi ga 'yan sanda. Ba ƙungiyar da za ta iya kare wanda aka kama da hannu dumu-dumu.

Mafi sauƙi duka, wadda ba ta buƙatar lauya: ka biya mutane haƙƙinsu tun kafin wani ya zo ya tuna musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma a yi shi tun da wuri. Ƙarin albashin da aka yi ranar da aka ga takardar shiga ƙungiya tana yawo, toshiyar baki ce, kowa ya sani.

Na san abin da za a ce: shugabannin ƙungiyoyin mai ba waliyyai ba ne, ana zarginsu da karɓar kuɗi a kan kowace tanka da haɗa baki da masu shigo da mai, kuma rufe bututun gas don a jefa ƙasa cikin duhu ba gwaninta ba ce. Na yarda, a kai su kotu. Laifin shugaban ƙungiya dai ba ya soke sashe na 40, kamar yadda satar gwamna ba ta soke zaɓe. Masu kawo misalin jami'o'i masu zaman kansu da babu ASUU kuwa, sun kasa bambance abin da babu shi da abin da aka haramta.

Sai kuma tsohuwar tatsuniyar nan cewa ƙungiya ce ta kashe masaƙun Kaduna. Duk wanda ya san unguwar Kakuri ya san abin da ya kashe masaƙun KTL da UNTL: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari. Shekarun da masaƙun suke ɗaukar dubban mutane aiki, ai da ƙungiyar a ciki suke yi, hedikwatarta ma a Kaduna take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su wa ke tafin. Ba masu hannun jari ba ne. Yawancinsu 'yan'uwan waɗanda ke tsayuwa a bakin ƙofar kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai ne da sassafe, ana zaɓarsu kamar tumatir, a yi aikin yini ba takardar ɗauka, in inji ya cinye yatsa a ba mutum kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, nawa ne daga cikinsu suka taɓa ganinsa? Mun manta da watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, bayan an kulle su a ciki wata da watanni da sunan korona? Wannan ita ce hujjar "kamfaninsa ne" idan aka bi ta har inda ta tsaya. Shi ma mai wancan kamfanin da kuɗinsa ya gina.

Kuma a Kano! Jihar da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, tun kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Jikokin 'yan NEPU ne yau suke rubuta wa lebura cewa ya godewa Allah an ba shi aiki, ya rufe baki. Don kawai mai kamfanin namu ne. Ina alfahari da matatar nan kamar kowa, na kuma san abin da ta rage mana na wulaƙancin layin mai. Amma ƙa'idar da ka amince da ita yau saboda attajirin ɗan garinku ne, gobe da ita ɗan Sin ko ɗan Indiya ko Bakano ɗan'uwanka zai kori ƙaninka daga kamfanin roba, kuma ba ministan da zai kira taron tsakar dare a kansa.

Ma'aikatar Ƙwadago, maimakon ta jira sai tankoki sun tsaya sannan a kwana ana sulhu a Abuja, ta fitar da takarda shafi ɗaya, da Hausa da Turanci da sauran harsuna, mai cewa ga abin da manaja zai iya faɗa idan ma'aikata suka fara haɗa kai, ga abin da zai kai shi kotu, a manna ta a ƙofar kowace masana'anta. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata, NECA, da ta masu masana'antu, MAN, su koya wa manajojinsu wannan. Inda aka yi gardama a kan ko ma'aikata na son ƙungiya, a kawo akwati, a kaɗa ƙuri'a a asirce a gaban jami'in ƙwadago, a ƙirga a bainar jama'a. Mai kamfanin da ya tabbata ma'aikatansa ba sa son NUPENG ko PENGASSAN, shi ya kamata ya fara neman a kawo akwatin.