Famfon da ba ya zuba a ɗakin masu haihuwa

Kwana tara na yi ina jinyar yayata a wani asibitin gwamnati bayan an yi mata tiyatar haihuwa, kuma har aka sallame mu famfon da ke bakin ƙofar ɗakin bai zubar da ko ɗigo ba. A wurin 'yan ga-ruwa muke sayen ruwa, safar hannu kuwa sai mai jinya ya fita kemis ya sayo. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce take bin gadaje tana wanke raunuka, kuma ban ga laifinta ba, domin ba a ba ta ruwan da za ta wanke hannu tsakanin wannan gado da wancan ba.

A rana ta huɗu ɗinkin ya fara fitar da mugunya. An yi mata allurar ceftriaxone, wadda a unguwarmu ake tsira wa duk wanda zazzaɓi ya kama da sunan taifot, amma ƙwayar cutar ko gezau ba ta yi ba. Sai da aka kai mugunyar ɗakin gwaji, muka jira kwana uku, sannan aka gano maganin da zai ci ta, mai tsadar gaske.

Kan batun ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kullum wa'azin da ake yi shi ne talaka ya daina sayen kafso biyu a hannun mai talla, ya kuma shanye maganin da likita ya rubuta. Gaskiya ne, amma rabin magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 na kwasar wata cutar a cikin asibitin, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne. A 2019 kaɗai, ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Tun 1847 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mai suna Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu yana rage mutuwar masu jego.

Nijeriya tana da tsarin yaƙi da matsalar ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani tun 2017 a ƙarƙashin hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC. Ina roƙon kwamishinonin lafiya su fara aiwatar da shi daga rijiyar burtsatse, tanki, sabulu da ɗakin gwaji mai aiki, kafin su ƙaddamar da wani sabon gini. Yayata dai har yanzu tana komawa wankin ciwo duk bayan kwana biyu, da jaririyarta goye a baya.