Mota ta ƙetaro teku, doka ta tsaya a gaɓa

Sana'ata mota ce. Shekara 11 ke nan ina Burusel, babban birnin Beljiyam, kuma yawancin kwanakin nan a unguwar Heyvaert na yi su, inda garejoji ke jere kamar rumfunan kasuwa, ana sayen tsofaffin motocin Turawa ana tura su tashar jiragen ruwa ta Anvers. Daga can sai Kwatano, ko kuma Lome tun da aka rufe iyakar ƙasarmu Nijar da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023. Motar da kake gani tana sheƙi a kan gadar Kennedy a Yamai, ko a ƙofar kasuwar Tawa ranar Lahadi, ba mamaki ta hannun irinmu ta bi. Don haka maganar haɗarin mota a hanyoyinmu ba ta ɗan kallo ba ce, ina da hannu dumu-dumu a ciki, shi ya sa ta hana ni sakat.

Bara na je gida Babbar Salla. Ɗan yayata ne ya ɗauko ni daga Yamai zuwa Tawa a wata RAV4 da ni da kaina na zaɓa na aiko musu. Ina zama na jawo bel zan ɗaura, sai na tarar ramin a toshe. An yanko bakin ƙarfen wani tsohon bel an cusa a ciki, don motar ta daina kuka. Na zare shi na riƙe a hannu. Ya ce, "Kawu, ai damun mutane take yi da ƙara, nan ba Turai ba ne." Na yi shiru, na ɗaura nawa.

Mun wuce Doso, mun wuce Dogon Dutsi, kilim na busawa, gilasai a rufe, ana hira. Bayan Ƙonni na ce masa kada ya dubi allura, ya gaya mini gudun nawa yake yi. Ya ce bai fi 90 ba. Allura tana kan 130. Wallahi ba ƙarya ya yi mini ba, abin da jikinsa ya gaya masa ke nan. Kafin Badagishiri magariba ta rufa, sai ga amalanken jaki a gabanmu ɗauke da kara, ba fitila, ba ƙyalle mai haske, yara biyu a zaune a bisa. Ya taka birki, birkin ya yi ta bugun tafin ƙafarsa, ya tsorata ya ɗaga ƙafa, ya murɗa sitiyari muka sauka gefen hanya cikin yashi. Allah ya tsare, ko karan ba mu taɓa ba. Ƙaramin yaron ya waiwayo yana kallonmu da rake a baki, bai ma san abin da ya wuce ta kansa ba. Har yau fuskar yaron nan ba ta bar idona ba.

Abin da ya bugi ƙafar ɗana shi ne ABS, na'urar da ke hana taya daskarewa idan an taka birki da ƙarfi. Tun 1978 Mercedes ta fara sa ta a motocinta. Bugun nan alama ce tana aiki, abin da ake so shi ne ka ƙara dannewa, kada ka saki. Shekararsa 6 da permi, babu wanda ya taɓa gaya masa haka. Babu kuma wanda ya gaya masa a kan yashi ko tsakuwa ABS takan ƙara tsawon tsayawa, ba ta rage shi.

Ga inda nake ganin tushen matsalar. Motar zamani ta ɓoye gudu. Mahaifina ya yi shekaru yana jan Pijo 504 tsakanin Tawa da Ƙonni. Idan ta kai 100, duk jikinta rawa yake, iska na ihu ta taga, sitiyari na kaɗawa a hannu, fasinja ma sun san an wuce ƙa'ida, wata tsohuwa daga baya ta fara salati. Motar ce da kanta take yi wa direba faɗa. Shi kuwa direban bai hau kujerar nan ba sai da ya yi shekaru yana karen mota: wanki, sa weji a bayan taya, canjin mai, kwana ƙarƙashin mota a daji. Da kunne yake gane ciwon inji. Yau yaro ya koyi tuƙi a otomatik cikin sati 3, a ba shi mota mai ƙarfin doki 150, wadda ba ta ƙara, ba ta girgiza, ta rufe shi kamar ɗakin amarya. Motar ta canza ƙwarai, amma ido da ƙafar ɗan Adam suna nan yadda Allah ya halicce su. A gudun 130 kana cin mita 36 a daƙiƙa guda, wato kafin ma ƙafarka ta isa birki. Idan ka ninka gudu sau 2, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take sau 4. Daga ganin jakin zuwa tsayawa cak, ka wuce tsawon filin ƙwallo. Ƙananan fitilun mota kuwa ba su haska ko rabin wannan da kyau.

Wani zai ce ai Turawan ma irin motocin nan suke hawa, har waɗanda suka fi su. Gaskiya ne, kuma nan ne kwatancen ke da amfani. A nan mota ba ita kaɗai take yawo ba, a cikin raga take. Tun ranar 1 ga Janairun 2021 yawancin titunan Burusel gudun 30 ne iyaka. Kamara ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar gaisuwa, takardar tara ta iske ka har gida. Mota idan ta cika shekara 4 sai ta fara zuwa wurin duba lafiya akai-akai, a auna birki, a auna hasken fitila, a leƙa ƙarƙashinta, idan ta faɗi ba ta da hanya. Kuma kada a ɗauka haka aka haife su. A farkon shekarun 1970 fiye da mutum 3,000 ke mutuwa a hanyoyin Beljiyam kowace shekara, ƙasar da ba ta kai jihar Tawa faɗi ba. A 1975 aka tilasta ɗaura bel a kujerun gaba, aka yi ta gunaguni kamar yadda ɗana ke yi. Yanzu adadin ya sauko wajen 500, alhali motoci sun ƙaru ninkin ba ninkin.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce mu kanmu. Ina da abokai Adarawa da ke taksi da kai kaya a nan Burusel. Mutum ya yi shekara 10 ba a taɓa kama shi da laifi ba, yana tsayawa tsohuwa ta ƙetare, ba ya taɓa waya a kan sitiyari. Ranar da ya sauka filin jirgin Diori Hamani, kafin ya kai tsakiyar gari ya kwance bel, waya ta koma kunne, jar wuta ta zama shawara. Mutum ɗaya ne, jini ɗaya. Saboda haka ba na yarda da masu cewa halinmu ne, ba ma gyaruwa. Abin da ya gyara shi a nan tabbacin hukunci ne, da kuma kunyar kada ya zama shi kaɗai ke karya layi.

Ba na cewa komai na nan ya fi. Direban Yamai yana da abin da na nan ya rasa, wato ido. Ka tsaya wajen Katako ko Wadata da yamma ka ga yadda taksi mai jan kai da faba-faba da mai babur da mai tura ke magana da juna da hannu da kai da ɗan ƙaramin oda, kowa na karanta niyyar kowa. Motarka ta mutu tsakanin Tsarnawa da Tawa, ba za ka yi minti 10 ba wani ya tsaya, ya cire riga ya shiga ƙarƙashi. A babbar hanyar da ta kewaye Burusel dubu za su wuce ka ba wanda zai waiga. Direbobin nan da yawa sun miƙa wa na'ura hankalinsu: motar ta riƙe layi, motar ta auna tazara, shi yana latse-latsen allo yana neman inda ake rage sanyi. Masu son mota a nan kullum kukansu ke nan, an kwashe maɓallai an zuba cikin allo, abin da da hannu ke lalubawa yanzu sai ido ya bar hanya. Tun Yulin 2024 kuma duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta zo da na'urar da ke karanta allon gudu ta gargaɗi direba, da birkin da ke kama kansa. Wasu da sun tayar da mota abin da suke fara kashewa ke nan.

To amma dubi abin da waɗannan na'urori ke nema kafin su yi aiki. Mai riƙe layi tana son farin fenti a kwalta. Mai karanta gudu tana son allo a bakin hanya. Birki mai kama kansa a kan mota da mai tafiya ƙasa aka fi horar da shi, kuma ko a nan ƙarfinsa raguwa yake da dare. Wanda ya zana shi bai yi tunanin raƙumi a kwance a tsakiyar kwalta ba, ko garken tumaki, ko babbar mota da ta lalace aka jera ganye a bayanta. A hanyarmu idon direba ne na'urar farko da ta ƙarshe, ga shi motar ta lulluɓe shi da sanyi da kiɗa da baƙin gilashi.

Yanzu sai in zo kanmu, mu ƴan kasuwar. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kaso mafi tsoka Afirka ya nufa, da yawansu kuma ba su da takardar lafiya mai aiki. Ban buƙaci rahoto ba, da idona nake gani. A duk shekarun nan, tambayoyin da ake yi mini ta WhatsApp ba su wuce uku: kilim na aiki? Akwai allo da kamarar baya? Kujerun fata ne? Masu tambaya ko jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum idan an yi karo, tana nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na ga motar da ta yi karo, jakar ta fashe, aka ɗinke murfin, aka kashe fitilar gargaɗin a allon gaba, aka loda ta. Na ga ana yanke tukunyar tace hayaƙi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Tayoyi kuwa abin ya fi ciwo. Kowace taya tana da shekarunta a rubuce a gefe, lambobi 4: idan ka ga 2314, sati na 23 ne na shekarar 2014. Tayar hunturu da aka yi wa roba mai laushi don ƙanƙara, ta shekara 10 a duniya, ita ake sa wa mota a bi kwaltar Adar da ita a watan Afrilu, rana na sama da digiri 40, an yi lodin mutum 7 da buhunan albasa. Idan ta fashe sai a ce ƙaddara.

Ni musulmi ne, na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malaman da suka karantar da mu su ne suka kawo mana hadisin mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Bel ɗin nan da wani injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro a 1959, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota har kusan rabi. Jakar iska kuma don wanda ya ɗaura bel aka yi ta. Wanda bai ɗaura ba, karo yake yi da ita tana tsakiyar fitowa da ƙarfinta. Hukumar dai ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara a duniya, kuma Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Fiye da rabin mamatan nan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya ƙasa ne, masu keke, masu babur. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Mai babbar mota ƙarfe ya kewaye shi, sau da yawa yakan fito yana karkaɗe riga. Wanda ake ɗauka a tabarma ɗan kabu-kabu ne, ko yarinyar da aka aika sayen magi, ko yaro mai rake a bisa amalanke.

Muna da hukumar kiyaye haɗurra, ANISER, muna da jandarmomi da ƴan sanda a kowace mashiga. Da zan samu kunnensu, abu kaɗan zan roƙa: duba lafiyar mota ya zama dubawa ta gaske, a ɗaga ta a taka birkinta, ba takarda kawai ba, kada a ba kowa permi sai ya taka birki da ƙarfi sau ɗaya a fili ya ji bugun nan a ƙafarsa, jami'in da ya tsayar da mota ya leƙa ramin bel da gefen taya kafin ya nemi takardu.

Nawa ɓangaren kuwa ba sai na jira kowa ba. Tun dawowata ba na loda motar da ban sa wa kwamfuta na ga jakar iskarta da ABS suna amsawa ba, ba na barin tayar hunturu a jikinta, ko da cinikin zai ɓaci, kuma ya ɓaci sau biyu. A bayan kowace nakan jefa naɗi biyu na jan tef mai ƙyalli, in ce a raba wa masu amalanke a garinmu su liƙa a baya. Guntun ƙarfen nan da na zare daga ramin bel na taho da shi, yana cikin aljihun teburina a gareji. Watan jiya ɗan yayata ya kira, ya ce abokansa duk sun koma manyan motoci masu injin V8, in duba masa ɗaya. Na ce masa ya fara aiko mini da hoton gefen tayoyin RAV4 ɗin, duka huɗun, inda lambobin suke.