Fitilar Hanuka da masu duban taurari

Duk ƙarshen shekara sai masu duban taurari su cika mana waya: wane buruji zai samu, wane zai rasa, wane ya yi hattara da watan gobe. Na lura an fi rububin su idan rayuwa ta yi tsanani. Ba na ganin laifin kowa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma raina na ɓaci idan na ga mai neman sauƙi an sayar masa da zaman jira.

A daidai wannan lokacin ne Yahudawa ke bikin Hanuka. Yana farawa ranar 25 ga watansu na Kislev, lokacin da wata ya kusa ɓacewa, ga hunturu, dare ya fi rana tsawo. Wato a cikin dararen da suka fi duhu suke kunna fitila, kwana takwas a jere. Asalinsa shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Yahuda Makabi da mutanensa suka ƙwato wurin ibadarsu na Ƙudus daga sarki Antiyokus na huɗu, wanda ya hana su addininsu. Malamansu sun ruwaito cewa man fitila na kwana guda kawai aka tarar, amma ya kai kwana takwas.

Abin da ya fi kama ni shi ne saɓanin da aka yi tsakanin almajiran manyan malamansu biyu na dā, Shammai da Hillel, kan yadda za a kunna. Almajiran Shammai suka ce a fara da fitila takwas, kullum a rage ɗaya. Almajiran Hillel suka ce a'a, a fara da ɗaya, kullum a ƙara. Na Hillel aka bi har yau. Kuma ba a ɓoye fitilar, a ƙofa ko a taga ake ajiyewa don mai wucewa ya gani. A farkon shekarun 1930, matar wani malaminsu a birnin Kiel na Jamus ta ɗauki hoton fitilarsu a taga, ga tutar 'yan Nazi, maƙiyan Yahudawa, tana rataye a ginin da ke fuskantar su.

Na san wani zai ce me ya kai ni wannan magana alhali ga abin da aka yi wa Gaza. Zuciyata na tare da Falasɗinawa, ban ɓoye ba. Amma wannan al'ada ta girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da shekara sama da 2,000.

Su ma fa Yahudawa sun sha fama da taurarin nan. A daɓen wani tsohon wurin ibadarsu a Bet Alfa da ke arewacin Isra'ila ta yau, na ƙarni na 6, an zana buruji 12 cif. A cikin Talmud, littafin hukunce-hukunce da ruwayoyin malamansu, Rabbi (wato Malam) Hanina ya ce taurari ke ba da hikima da arziki, Rabbi Yohanan ya ce ba su da iko a kan Bani Isra'ila. Nan ne aka kawo labarin 'yar Rabbi Akiba. Masu duba suka ce maciji zai kashe ta ranar aurenta. A daren bikin wani mabaraci ya zo ƙofa, kowa na hidima, babu wanda ya kula shi, sai amarya ta ba shi abincinta. Da za ta kwanta ta soke tsinken gashinta a tsagar bango. Da safe ta zaro shi, sai ga mataccen maciji. Mahaifinta ya ce sadaka ce ta tsare ta. Mu da muka tashi muna jin sadaka maganin masifa, wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. Ku lura, yarinyar ba ta je neman wani mai duban da zai warware na farko ba, mai yunwa ta ciyar.

Musa bin Maimun, babban malaminsu kuma likita da ya rayu a Masar, ya fi kowa zafi a kan haka. A wasiƙar da ya aika wa malaman kudancin Faransa a 1194, ya kira duban taurari wauta. Har ya ce abin da ya sa kakanninsu suka rasa mulki shi ne sun duƙufa kan littattafan taurari, sun bar koyon yadda za su kare ƙasarsu. Mutum ne yake faɗa wa nasa wannan magana mai ɗaci, kuma ina ganin ya yi gaskiya.