Sabon fenti a bango, tsohuwar mofa a bokiti

Tun daga Disambar 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na farfaɗo da harkar lafiya, kunnuwanmu suke shan lissafi iri ɗaya: cibiyoyi kaza aka gyara, gadaje kaza aka sayo, na'ura kaza ta iso. Gwamnoni sun bi sahu, kowa da almakashinsa da kyallen yankawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk wannan ƙidaya, da wuya ka ji an ambaci mutumin da zai goge gadon bayan an sallami mara lafiya, balle albashinsa, balle horon da aka ba shi. Wannan shi ne kitso da kwarkwata.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe irin namu, cikin mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 15 za su ɗauki wata cutar da ba da ita suka zo ba, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka rai yake yin halinsa. Su ne matan da aka yi wa tiyatar haihuwa lafiya ƙalau, bayan kwana biyar ɗinki ya fara ruwa da mugunya. Su ne jariran da zazzaɓi ya rufe a ɗakin bakwaini. Mu kuwa sai mu ce kwana ne ya ƙare. Mutuwa ta Allah ce, babu mai ja, amma sakaci yana da mai shi.

Shiga ɗakin kwantar da marasa lafiya da sassafe ka tsaya ka kalla. Baiwar Allah ɗaya ce da bokiti ɗaya, ruwan ya koma kalar ƙasa, an ɗan ɗiga Izal don ƙamshi. Mofar da ta fito daga banɗaki ita za ta bi ƙarƙashin gadaje. Ƙasa za ta yi sheƙi, shugaba ya wuce ya ce madalla. Ƙarfen gefen gado kuwa, da mariƙin ƙofa, da sandar rataye ƙarin ruwa, da katifar da ledarta ta yage jini ya shige soso, babu wanda ya taɓa su, alhali nan ne hannu yake sauka dare da rana, kuma ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani suna iya yin makonni a raye a kan busasshen ƙarfe. Ba na ganin laifin matar nan ko kaɗan. Wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata cewa ruwan kulorin kullum ake haɗa sabo, ko cewa daga wuri mai tsabta ake farawa a ƙare a mai datti, ko cewa tsumman banɗaki dabam yake? Safar hannu ma wani lokacin da kuɗinta take saya.

Tushen abin kwangila ne. Tun garambawul ɗin zamanin Obasanjo aka cire masu shara daga jerin ma'aikatan gwamnatin tarayya aka miƙa aikin ga 'yan kwangila, da sunan rage kashe kuɗi. Ɗan kwangila riba ya zo nema, kuma ribarsa tana cikin rage ma'aikata da tsarma sinadari da jinkirta albashi. Ingila ta riga mu gwada wannan hanya, kuma binciken da aka wallafa a 2017 ya gano cewa asibitocin da suka ba da sharar kwangila sun fi sauran yawan kamuwa da ƙwayar cutar nan mai taurin kai da ake kira MRSA. A Ostireliya kuma, wani gwaji a asibitoci 11 da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa horar da masu shara da bibiyar aikinsu ya rage kamuwa da wata ƙwayar mai bijire wa magani da kashi 37 cikin ɗari, ba tare da an kafa ko bulo ɗaya ba.

Masu cewa ai laifin masu jinya ne da ke cika ɗaki da tabarmi da kwanuka, su fara gaya mana ko famfon ɗakin yana kawo ruwa. Masu cewa babu kuɗi kuma, kuɗin walimar buɗe gini ɗaya zai sayi sabulu da kulorin na watanni.

A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kashe likitoci da ma'aikatan jinya kusan kowace shekara, barin bola da ragowar abinci suna tara ɓerayen da ke yaɗa shi a bayan ɗakin marasa lafiya ganganci ne. A mayar da masu shara cikakkun ma'aikatan asibiti, a horar da su, a biya su a kan kari, a ba su kujera a kwamitin hana yaɗuwar cuta. Kuma duk kwamishinan lafiyar da zai sake zuwa yanke kyalle, 'yan jarida su tambaye shi a gaban kyamara: mata nawa ne ɗinkinsu ya ruɓe a asibitocinsa a bara, kuma wata nawa masu shara suke bin bashin albashi?