Mun shafa fenti, ba mu duba takarda ba

A daminar bara gidanmu na gado da ke unguwar Bagalam a Maraɗi ya shiga kasuwa. A cikin watan kuma maƙwabciyata a nan Lyon, wata dattijuwa da ta yi ritaya, ta sa nata a kasuwa za ta koma ƙauyensu. Sai na wayi gari ina kallon ciniki biyu lokaci guda, ɗaya a ƙofar ɗakina, ɗaya ta WhatsApp.

Ita dattijuwar ba ta taɓa ko tsintsiya ba sai da ta sa hannu a takarda da dillalinta. A Faransa doka ce tun 1970: dillalin gidaje sai da katin sana'a, kuma ba ya tallan gidan kowa sai da izini a rubuce, da la'adarsa a ciki ƙuru-ƙuru. Daga nan masu bincike suka zo, suka auna yawan wutar da gidan ke ci wajen ɗumama, suka duba wayoyin lantarki, suka nemi gubar dalma a tsohon fenti domin ginin ya girmi 1949. Mai saye yana karanta aibun gida kafin ya sa hannu. Ko an shirya, yana da kwana 10 da zai iya fasawa ba a ci masa ko dala ba. Sannan noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ya riƙe maganar kusan wata uku yana tone-tone, mai saye ya biya kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari a kan kuɗin gida, mafi yawansu haraji ne. Jan jiki kamar hawainiya, na yarda. Amma ranar da ta miƙa makulli ba wanda ya sake buga mata waya.

Mu kuwa Yaya ya faɗa wa dillali ɗaya bayan la'asar, kafin Juma'a dillalai biyar ke yawo da gidan, kowa da nasa farashin. Wani abokina a babbar kasuwa ya ji an ɗora miliyan huɗu a kan abin da muka yanka. Wanda ya kawo wanda ya kawo mai saye, shi ma yana jiran rabonsa.

Duk da haka ba zan shiga layin ƴan uwana na nan masu zagin dillalan gida ba. Dillalin Maraɗi ya san abin da babu na'urar Turawa da za ta auna. Ya san layin da ruwa ke kwana a watan Agusta, kuma mutanen garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta tasa suka hau tudu ba sa wasa da wannan tambaya. Ya san maƙwabcin da ba a zama da shi lafiya. Ya san wane Alhaji ne kayansa suka fita, kuɗi na hannunsa yanzu, ba jiran bashin banki kamar yadda masu saye ke yi a nan. In an yi dace, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, cikin mako guda an gama. Kuma man babur ɗinsa yake ƙonawa, in ciniki bai faɗa ba ya tashi a tutar babu.

Laifin namu ne. Ni na turo kuɗi aka yi fenti, aka gyara daɓen tsakar gida, aka sauya kwanon da ke yoyo, muna ta murna gida ya yi kyau a hoto. Ba wanda ya buɗe akwatin marigayi Baba. Da mai saye ya ba da kafin alƙalami ya ce a nuna masa takarda, sai ga ta ɗauke da sunan mutumin da ya sayar wa Baba filin shekaru aru-aru, ba a taɓa sauya suna ba. Titir fonsiye kuwa, wato takardar mallakar fili ta hukuma, ba a ma yi zancensa. Ana cikin wannan sai ƙanwarmu da ke aure a Katsina ta ji labari a bakin wata baƙuwa. Ta kira Yaya tana kuka: "Yaya, ni ba ƴar gidan ba ce?" Ashe mijinta na son sayen kason sauran, kuma malamin da muka tuntuɓa ya ce tana da gaskiya, domin a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya fi bare haƙƙin saye, abin da ake kira shuf'a. Mai saye ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da aka koma zama, mijin ƙanwar tamu ya ga kuɗin sun fi ƙarfinsa ya janye. Sai na roƙi Yaya abu biyu kawai daga tsarin nan, ban ce a kwaso duka ba. Magada kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa da limamin masallacinmu cewa ya yarda a sayar, har da Inna da tumuninta. Dillali kuma ya zama ɗaya, a rubuta farashi, a rubuta la'adarsa, a ba shi wata biyu. In ya jawo wasu, ya sallame su daga nasa.

Dillalin ya ɗan ɓata rai. "Haba Alhaji, shekara nawa muna tare, yau ni za a rubuta wa takarda?" Yaya ya ce masa ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, kuma takardar tana kare shi ne ranar da wani zai zagaye shi ya je wurin mai saye kai tsaye. Ya yi shiru, ya karɓi biro.

Yanzu takardun suna ofishin filaye ana sauya suna. Fentin da na biya kuwa damina ta riga ta wanke rabinsa.