A Bar Yaro Ya Yi Gardama Kafin A Ba Shi Rula

A Ingila, inda nake zaune, ba a gaggawar damƙa wa yaro rula. Manhajar firamare da aka soma aiki da ita a 2014 ta tsara cewa ɗan aji ɗaya, mai shekara 5 zuwa 6, ya fara da kwatanta abu biyu: wanne ya fi tsawo, wanne ya gaza, wanne ya ninka ɗan'uwansa. Zai auna teburi da tafin hannu ko da 'yan bulo na roba. Sai ya shiga aji biyu ake sa ran ya iya zaɓa tsakanin mita da santimita, milimita kuwa sai aji uku.

Mu a gida ta sama aka faro mana. "Milimita 10 santimita 1, santimita 100 mita 1," malam na faɗa muna amsawa. Haddar ta zauna daram, kuma ba na raina ta. Amma da za a ce ɗayanmu ya buɗe hannu ya nuna mita 1, sai dai ya tsaya yana zare ido.

A ganina tsarin nan na jinkirta rula ya fi, dalilin kuwa yana cikin ƙwaƙwalwar yaron. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya yi wani gwaji da kowa zai iya maimaitawa. Jera fensir biyu masu tsawo ɗaya kai da kai, yaro zai yarda daidai suke. Tura ɗaya gaba kaɗan a kan idonsa, ka sake tambaya. Ɗan shekara 4 ko 5 yawanci cewa zai yi wanda aka tura ya fi tsawo, don kan kawai yake kallo, ya manta da gindin. Sai wajen shekara 7 galibi yake gane matsar da abu ba ya ƙara masa tsawo. To irin wannan yaron in ka ba shi rula, daga 1 zai fara aunawa maimakon sifili, fensir mai santimita 8 ya tashi 9. Wani kuma layuka zai ƙirga, ba tazarar da ke tsakaninsu ba. Malami ya ja masa jan biro, alhali ba lissafin ne ya gagare shi ba.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na auna aji da taki. Yara biyu su taka daga bango zuwa bango, dunduniya na taɓa yatsa. Wannan ya ce 30, wancan ya ce 36. Gardama ta kaure, malama ta ƙi raba ta. Can sai wani ya lura mai ƙaramar ƙafa shi ya samu babbar lamba. Wannan ba ƙaramin ganewa ba ne ga ɗan shekara 6. Daga nan su da kansu za su nemi sanda ɗaya da kowa zai yarda da ita, irin buƙatar da ta sa Faransa ta ƙirƙiro mita a shekarun 1790.

Inda na saba da mutanen nan shi ne yawan kayan roba, har iyaye na zaton in babu su babu darasi. Mu da muke da taki da ɗani da kamu da gaba me za mu saya? Tsinke da igiya sun isa, igiyar ma ta fi, don tana bin abu mai lanƙwasa inda rula ba ta iyawa. Cunkoson aji ma ba hujja ba ce a nan, yawan ƙafafu shi ke ƙara wa gardamar armashi.

Mai son sanin ko yaronsa ya iya awo, ya rufe farkon rula da takarda har zuwa 3, ya aza fensir daga nan, ya ce ya faɗi tsawonsa. In lambar da ke daidai kan fensirin ya karanto, a ajiye rular tukuna, a koma taki.