Riyal 500 a ƙarƙashin filo

Tun da na dawo daga duba yaron nan namu da ya ƙone a wurin aiki a nan Jidda, Saudiyya, daren jiya ban rintsa ba. Kun dai ga hoton da ke yawo, to wallahi hoton bai nuna rabin abin ba. Daga wuyan hannu har gwiwar hannu fatar ta saluɓe, ta yi fari kamar gandar da ta kwana a tukunya, yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Sodar wanke bututu ce ta kwaro masa, a wurin da ya shekara uku yana aiki ba safar hannu ba tabarau. Da ta zubo kuma, maimakon a ja shi bakin famfo, sai wani mai ganin kansa babban likita a cikin abokan aikinsa ya lafta masa makilin. Soda ba ta ƙona ta tsaya, ci take tana nutsawa cikin nama muddin tana jiki. A tuɓe rigar, a sakar masa ruwa aƙalla minti 20, a kira motar asibiti a 997. Iyakarta ke nan.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Mudir, wato manajan wurin aikin, ya zo asibiti, ya cusa riyal 500 ƙarƙashin filo, ya ce "ma'alesh", wato a yi haƙuri, ya fita. Sai ga dattawanmu na unguwar Karantina sun raka shi har bakin mota da godiya, wai mutumin kirki ne, wani ko leƙowa ba zai yi ba. Ma sha Allah! Ku haɗa masa walima mana.

Jama'a, haƙƙinsa ne, ba sadaka ba ce. Yaron nan yana da igama, wato takardar izinin zama, kuma a kan sharikar yake, wato kamfanin da yake wa aiki. Duk wata sharika kan zuba wa hukumar inshorar ma'aikata, Ta'aminat, kashi 2 cikin 100 na albashin ma'aikaci baƙo, kuma don irin wannan ranar ake zubawa: magani, kuɗin kwanakin da ba ya iya aiki, da diyya in hannun ya nakasa. Sharaɗin shi ne rahoto. Ma'aikacin ya sanar da masu wurin cikin kwana 7, su kuma su sanar da Ta'aminat cikin kwana 3. Yanzu ku gaya mini, me ya sa mudir ya ce a faɗa wa likita wai a gida abin ya faru?

"Ƙaddara ce." Na'am, mun yi imani. Albashinku ma ai rabo ne, amma ban taɓa ganin wanda ya yafe shi a ƙarshen wata ba. "Garin mutane ne, a bi a hankali." Masu garin ne fa suka rubuta dokar da hannunsu, suka buɗe kotunan ma'aikata tun 2018, suka ce a fara da zaman sulhu, suka ba da lambar koke 19911. Mu ne dai muka ɗauki shiru ibada. Masu cewa za a buga masa hurub kuwa, wato a kai rahoton wai ya gudu daga aiki, mutumin da ke kwance a gadon asibiti da fayil da sa hannun likita, ina ya gudu?

Na san tsoron, ni ma da shi na tsufa a Jidda. Na kuma san masu aikin gida da marasa takarda lissafinsu daban ne, wannan zancen wata rana ne. Amma da zan tafi yaron ya riƙe mini riga da ɗaya hannun, ya ce, "Kawu, in bai koma daidai ba wa zai ɗauke ni aiki?" Na rasa amsa. Uwarsa a Kano har yanzu ce mata ake zazzaɓi ne. Haƙƙinsa ne, kuma in Allah ya kai mu gobe da ni za a je a rubuta takardar, wanda zai ji haushi ya ji.

Af, tunda ana maganar, don Allah 'yan'uwana mata masu aikatau, ku daina haɗa ruwan wankin nan Flash da bilicin Clorox a banɗaki wai don tayil ya yi ƙyalli. Hayaƙin da ke tashi guba ne, huhu yake ci. Maƙwabciyarmu sai da aka ɓalle ƙofa aka fito da ita, kuma da ta farfaɗo tambayarta ta farko ita ce ko madam ta ga banɗakin.